Tankin kifina ya ɓantare ta gindi, ga inda aka kwana

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwon kifin ado. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya ɓoye ni ba sai tankin nan nawa, wanda na ce muku tsawonsa santimita 90, faɗi 30, tsayi 40, gilashi mai kaurin milimita 6.

Wata ranar Asabar kwanakin baya na ce bari in canja masa teburi saboda tsohon ya fara lanƙwasa a tsakiya. Na kwashe kifin, na rage ruwa, amma ƙiwa ta hana ni kwashe tsakuwa da ɗan ruwan da ya rage a ƙasa, na ce ai ni da ƙanina za mu ɗaga shi cak. Muna zuwa bakin ƙofa ruwan ya karkata gefe guda, hannunsa ya goce, sai ji muka yi ƙas, kusurwar ƙasa ta daki ƙarfen ƙofa. Laifina ne ba nasa ba, tanki ba a ɗaukarsa da komai a ciki, na sani sarai na take sanin.

Wajen ya ɓantare ta waje kamar girman ƙwayar gyaɗa, a gilashin gaba, dab da inda ya haɗu da na ƙasa. To ni dama akwai wani tsohon ɓantarewa a bakin tankin ta sama, ya fi shekara, ya ma fi wannan muni a ido, ban taɓa damuwa da shi ba don ruwa ko kai wa can ba ya yi, sanfefa kawai na goga masa don kar ya yanke ni. Na ƙasa kuwa maganarsa daban, duk nauyin ruwa can yake dannawa, iya zurfi iya matsi. Tankin in ya cika lita 108 yake ci, lita ɗaya kilo ɗaya, ku lissafa da jarkar 'yan garuwa mai lita 25, jarka huɗu da ɗoriya ke nan a falo a kan kafet kusa da soket. Da na yi wannan lissafin sai na fasa maganar "a cika a gani".

Ƙanina ya ce mu ɗiga sufa gulu a wuce wajen. Sufa gulu in ya bushe ba ya cutar da kifi, har tsirrai ana manna wa dutse da shi, amma ba zai mayar wa gilashi ƙarfinsa ba, rufe ido ne kawai.

Kifin dai suka ci gaba da zama a babban bahon wanka da tsohon ruwansu, na sa musu dutsen iska, na rufe da ragar sauro don kifin da ake kira moli akwai tsalle. Soson filta ma cikin bahon na jefa shi, kar ku bari ya bushe ko ku wanke shi da ruwan famfo, ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi a jikinsa suke zaune, in suka mutu kamar sabon tanki kuka fara. Abinci sau ɗaya a rana kaɗan.

Da daddare na kashe fitila na haska tocilar waya ta gefen gilashin, don abin da nake tsoro ba ɓantarewar ba ce, tsaga ce. In akwai siririn layi da ya fita daga wajen zai yi ƙyalli kamar gashi. Na juya ta nan na juya ta can, na bi da farce, babu. Zurfin kuma kamar milimita 2 ya ci cikin 6, bai kai rabi ba, kuma silikon, wato gam ɗin da ke haɗa gilasan biyu, yana nan riƙe ƙam babu kumfa babu fari-fari. Da na ga tsaga wallahi ba zan yi faci ba, gilashin gaban gaba ɗaya zan canja, tsaga tafiya take yi. Na ɗiga alama da biron maka a iyakar wajen ta ɓangare biyu don in gane in ya ƙaru.

Litinin na je wajen masu aikin alminiyam suka yanko min gilashin faci milimita 6, faɗi santimita 5 tsawo 15, har suka goge min bakinsa. Daga nan na shiga Ƙofar Ruwa neman silikon, nan ne na kusa yin ɓarna ta biyu. Yaron shagon ya miƙo min wani ya ce duk ɗaya ne Alhaji, sai da na zo gida na karanta jikinsa na ga an rubuta na banɗaki da kicin ne mai hana fumfuna. Maganin da ke kashe fumfunar shi ne zai kashe muku kifi. Washegari na koma na samo zalla wanda babu haɗi, an ma zana kifi a jiki, in ka buɗe warin tsami ne zai bugi hancinka kamar ruwan khal.

Aikin da ya fi cin rai shi ne kankara. Sabon silikon ba ya kama tsoho da kyau, don haka ba wajen facin kaɗai ba, duk layin ciki na kankare da reza, kusurwa huɗu da zagayen ƙasa, yini guda cur, reza shida, yatsa ɗaya da filasta. A kula, na saman kawai ake cirewa, kar a zura reza tsakanin gilashi da gilashi, shi ne ke riƙe da tankin. Na goge da sifirit ya bushe, na shafa silikon a bayan facin na danna shi ta ciki daidai saitin wajen har kumfar iska ta fita, sannan na ja sabon layi a zama ɗaya ina bi da yatsa. Ta waje na goga sanfefa mai laushi da ruwa, na cike ramin da silikon, wannan kam don kar ya yanki yara ne.

A jikin kwalin an ce awa 24. Ni kwana 4 na ba shi, saboda silikon da danshin iska yake ƙanƙamewa, mu kuma muna tsakiyar hunturu a Kano, leɓe ma tsagewa yake balle. Har kwanon ruwa na ajiye masa a gefe.

Gwajin a tsakar gida na yi, kan siminti mai daidai, na shimfiɗa farin soso irin na kwalin firji, na sa tsohuwar jarida a ƙasa don ko ɗigo ɗaya ne za ta tona. Kashi ɗaya cikin uku na fara zubawa, bayan la'asar na kai rabi, da safe na cika. Kwana biyu jarida a bushe, Alhamdulillah. Uwargida kuma ta yi aikin korar yara da kaji, Allah ya saka.

Asara ɗaya na yi, ɗan kifin nan da ake kira gofi, guda namiji mai jan bindi, na tarar da shi da asuba a baho, sanyin dare ne ya taɓa shi don ruwan baho saurin hucewa yake kuma daren NEPA ba su kawo wuta ba hita mai ɗumama ruwa ba ta yi aiki ba. Abin ya dame ni, shi na fara saya.

Yanzu tankin ya koma falo kan sabon teburi da soso a ƙarƙashi, na juya gefen facin ya kalli bango, ruwan kuma a santimita 32 na tsaya, ban cika ba, sai nan da wata guda in Allah ya kai mu. Ɗigon makan nan biyu suna nan, kullum in na dawo daga masallaci da asuba sai na leƙa bayan tankin da tocila, yau kwana 9 da dawowarsa falo wajen bai ƙaru ba.