Abin da hasumiyar Agadas ta koya mini a aikin gini

Duk wanda ya karanci zanen gine-gine a Bauchi ya san yadda muke rawar jiki da siminti da gilashi, ginin ƙasa kuwa sai a darasin tarihi. A wannan darasin na san masallacin Agadas, garin Abzinawa da ke bakin Sahara a Nijar, inda ayarin raƙuma ke sauka da gishirin Bilma.

An gina shi a 1515, aka sake gina shi a 1844. Hasumiyarsa ta kai mita 27, kuma da laka aka gina ta. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Mu ma muna da alaƙa da garin: can Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, Yakubun Bauchi kuwa almajirin Shehu ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne itatuwan nan da suka leƙo daga jikin hasumiyar. Baƙo zai ɗauka ado ne. Suna riƙe ginin, kuma su magina ke takawa su hau idan lokacin yaɓe ya yi. Wato tun ranar da aka ɗora tubalin farko an yi tanadin mai gyara, an bar masa wurin sa ƙafa. Mu yau sai mu zana hasumiya doguwa sumul, ba tsani a ciki, ba wurin kamawa a waje. In lasifika ta lalace ko fenti ya ɓare, sai kwamitin masallaci ya shiga neman kuɗin hayar katako.

Wani zai ce ai Agadas ba ta samun ruwa kamar mu, kuma da gaskiyarsa, daminar Bauchi ba ta wasa da katangar ƙasa. Amma ga gidan Madaki a Kafin Madaki, nan jihar Bauchi, ginin ƙasa ne, aikin shahararren magini Babban Gwani, yana nan tsaye saboda ana kula da shi.

Shi ya sa yanzu in dattawan unguwa suka kawo mini aikin masallaci, kafin mu yi maganar ƙubba nakan tambaya: "Baba, wa zai riƙa hawa yana share indararo?" Wasu su yi dariya, wasu su ce Allah zai kawo. Ni dai ba na miƙa zane sai na sa matakala har saman rufi.