Alhamis, la'asar a kan kujera

Ban fita gudun asuba ba. 'Yan ƙungiya sai turo hotuna suke a WhatsApp daga wajen filin wasa na Ƙofar Mata, kowa ya jiƙe da gumi yana washe baki. Na kashe data na koma barci.

La'asar a kan kujerar roba na yi ta, can gefen sahu tare da dattawa. Tsayuwa da ruku'u lafiya lau. Sujada da zaman tahiya ne gwiwar dama ta ƙi, da na lanƙwasa ta sai zafi ya taso daga ƙarƙashin ƙoƙon. Ana sallamewa Kawu ya riƙo hannuna.

"Kai kuma fa? Kujera da ƙuruciyarka?"

"Gwiwa ce, Kawu."

"Faɗuwa ka yi?"

"A'a."

"Targaɗe?"

"Ba targaɗe ba ne."

Nan bakin masallaci ya sa na naɗe wando. Ya latsa, ya juya, babu kumburi, babu ko ƙwarzane. Ya ce to ina ciwon? Na ce har hoto an ɗauka, ƙashi ƙalau. Kallon da ya yi mini, wallahi, shi ya hana ni sakat har dare.

Na yi masa bayanin da likitar gashin ƙashi ta yi mini. Ƙoƙon gwiwa yana zirya ne cikin wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, duk lokacin da aka lanƙwasa ƙafa ko aka miƙe ta. In nisan gudu ya ƙaru farat ɗaya, ko tsokar ƙugu da ta cinya suka yi rauni, cinya sai ta riƙa karkatowa ciki, nauyi ya taru a gefe guda na ƙoƙon. Shi ya sa saukowa daga bene ta fi hawa azaba, haka tsuguno a banɗaki, haka dogon zama a adaidaita sahu da gwiwa a naɗe. Ta ce ba maganar tiyata. Aikin da ta ba ni rabinsa na ƙugu ne: in kwanta a gefe ina ɗaga ƙafa, in kwanta rigingine ina ɗaga ƙugu sama, sai ɗan tsuguno mara zurfi a jikin bango.

Kawu ya yi dariya har da tafawa. "Gwiwa ke ciwo ana wahalar da ƙugu? An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Sanyi ne kawai. Ka je a yi maka ƙaho, ka shafa man zafi." Har ya juya zai tafi ya ƙara da cewa, "Wai ma wa ya biyo ka da kake gudu kullum?"

Na yi dariya a gabansa. A hanya kuwa raina ya ɓaci. Da karaya ce da an ga ɗori an yi mini sannu, wannan kuwa sai ka ce ragwanci nake ɓoyewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gasar gudun Legas ta Fabrairu. Ba kilomita 42 na sa wa ido ba, 10 ɗin nan kawai. Likita ta ce irin wannan ciwo yakan ɗauki makonni, wani ma watanni, kuma kar in zauna gaba ɗaya: tafiyar ƙasa, keke da sirdi a ɗage, gudu kaɗan kaɗan in zafin ya lafa. Ban cika fam ba tukuna.

Tuwon shinkafa da miyar taushe da daddare. Auta ce ke ƙirga mini ɗaga ƙafa, tana tsallake bakwai.

Ba wuta tun azahar. Ƙanƙarar da na sayo don gwiwa, Maman yara ta zuba rabi a zoɓo.