Daga Mongu zuwa Tshane muna tsinkar ganye

Na bi ayarin masu binciken tsirrai daga Mongu a yammacin Zambiya har Tshane a kudancin Botswana, muna tsinkar ganye don a auna naitirojin da ke cikinsa, wato sinadarin da tsirrai ke buƙata don girma. Yashin Kalahari ne duk tsawon hanyar, ruwan sama ne kawai ke raguwa: sama da milimita 800 a shekara a Mongu, ƙasa da 400 a Tshane. Masu binciken SAFARI 2000, wani shirin binciken kimiyya kan ƙasa da iskar kudancin Afirka, su ma wannan layin suka bi.

Naitirojin iri biyu ne a cikin ganye, mai lamba 14 da ɗan'uwansa mai nauyi, 15, wanda bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na naitirojin da ke iska ba. Inda fari ya yi yawa, marar nauyin ne ke saurin tserewa daga ƙasa ya bi iska, mai nauyin ya taru, itace ya sha. Shi ya sa ganyen kudu ya fi na arewa naitirojin-15.

Dajin itatuwan da ake kira miyombo na kusa da Mongu ya fi ba ni mamaki. Itatuwansa dangin wake ne, amma yawancinsu ba sa kamo naitirojin daga iska kamar yadda wake ke yi. Naman gwari da ke manne a saiwarsu ne ke ciyar da su, kuma irin wannan naman gwarin yakan riƙe mai nauyin ya miƙa marar nauyin. Ko a itace guda, saiwa da ganye ba sa zuwa daidai, don haka kowane samfuri da ambulan ɗin da muke saka shi.

Ambulan ɗin nan ne wani jami'i ya zazzage mana a wani shinge, alhali takardar izininmu na hannunsa, yana cewa ciyawa ce kawai. Samfurin da ya cakuɗe ya tashi aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu ban ga uzurinsa ba.

Wani dattijo makiyayi a yankin Ghanzi ne ya wanke mana zuciya. Ya ba mu inuwa da ruwa, ya taka da mu nesa da rijiyar burtsatsensa, inda shanu ba sa kwana. Ya taimake mu fiye da yadda ya sani, domin fitsari da kashin shanu na sa ƙasa ta yi nauyi da naitirojin-15, ganyen wurin sai ya ruɗi mai awo.

Daga nan sai ƙaya da zafi har Tshane. Mun tsinka, mun shanya, samfuran sun wuce ɗakin gwaje-gwaje.