Batir ba ya caji a motata mai injin babur, ashe laifin ba na batir ba ne

Motar nan tawa haɗin hannu ce, shasi da bodi duk a Panteka ta Kaduna aka yi mata walda, injin kuma na Honda CBR600 ne ɗan Beljiyam da aka ciro daga babur ɗin da ya yi hatsari. Haɗa giya da ruwan lagireto duk sun tafi lafiya, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Abin da ya hana ni barci shi ne caji. Ka cika batir a wajen mai caji, ka yi yawonka cikin gari, da safe ka murza makulli sitata ya yi ƙaƙ ƙaƙ ya yi shiru, sai yaran layi sun zo turi suna dariya.

Mai rewayan da na fara kai wa ko mitar auna wuta bai ɗauko ba wallahi. Ya ce oga tayar, kunna fitila, taka totur. Na taka totur fitila ta ƙara haske, sai ya ce ka gani ai tana caji, batirinka ne ya mutu. Na sayi sabon batir. Shi ma ya kwanta. Na koma, ya ce to rektifaya ce, wato na'urar da ke daidaita wutar inji kafin ta shiga batir, na saya, babu abin da ya canja. Da ya fara maganar a buɗe inji a sake naɗa koyil, wato abin da ke samar da wutar caji, sai na ce malam dakata, na tafi na sayi mita tawa, wadda kuɗinta bai kai rabin na rektifayar da aka sa ni na saya a banza ba, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Cikakken batir mai 12 volt in ya huta ya kamata ya nuna wajen 12.6, in inji na aiki ka ba shi wuta kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Nawa da inji a tashe 12.7 yake nunawa, ko ka taka har maƙwabta su leƙo da ƙyar ya taɓa 12.9. Wato cajin yana shiga amma ɗis ɗis, bai isa ya biya abin da sitata ya kwashe ba.

Sai na bi ta koyil tunda shi ake zargi. Wayoyi uku ne ruwan ɗorawa suke fitowa daga inji, ka zare soket ɗinsu ka auna su biyu-biyu. Da inji a kashe om ɗin, wato awon turjiyar waya, ƙasa da ɗaya ne kuma duk iri ɗaya, babu wadda ke taɓa jikin inji. Da inji a tashe ka juya mita zuwa AC, a wajen juyi 5000 kowane biyu sun ba ni sama da 50 volt, kusan daidai da juna. Koyil lafiyarsa ƙalau, da na bar mutumin nan ya buɗe shi da an lalata abu mai kyau. Soket ɗin ma na duba don yana yawan ƙonewa ya yi baƙi, nawa fes.

To koyil na ba da wuta, rektifaya sabuwa, batir sabo, fis bai yanke ba, ina wutar take zuwa? Wani dattijo da ke gyaran janareto a Tudun Wada ne ya ce min, yaro kar ka auna a kan batir kaɗai, je ka auna a bakin rektifayar. Na sa mita tsakanin jar wayarta da koriyar, a Honda koriya ce at, wato wayar negatif da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, sai ga 14.3. A kan batir 12.8. Volt ɗaya da rabi ya ɓace a hanya. Ya ce to ɗora tsinken mita ɗaya a negatif na batir, ɗayan a inda aka ɗaure koriyar, inji na aiki. In hanya na da kyau bai kamata ka ga fiye da 0.2 ko 0.3 ba, ni kuwa sama da volt ɗaya na gani. Baba ya yi murmushi kawai ya koma kan aikinsa.

Ga abin da ya faru. A babur, inji a ɗaure yake da firam ƙarfe da ƙarfe, duk inda ka sa at ya zauna. A motata kuwa an sa roba a ƙarƙashin inji don rage jijjiga, babbar wayar negatif ta tafi kai tsaye daga batir zuwa jikin inji, shi ya sa sitata ke juyawa lafiya in batir a cike yake. Amma koriyar wayar rektifaya da at na fitilu duk a jikin shasi aka ɗaure su, shasin ma an shafe shi da fenti mai kauri kafin a ɗaura noti. Tsakanin shasi da inji babu wata waya, sai igiyar kuloci da ta totur ne wutar ke lallaɓawa ta bi. Lallai na sha jin igiyar kuloci da ɗumi in na taɓa, na ɗauka zafin inji ne.

Kuma nan ne gwajin fitilar nan ya yaudari kowa. Fitila da rektifaya duk a shasi ɗaya suke, to in ka ba da wuta fitila na sha kai tsaye daga rektifaya ta yi haske tar, batir kuwa an bar shi a gefe kamar baƙon da aka manta da shi a zaure ana ta rabon tuwo a cikin gida. Don haka duk mai rewayan da ya ce maka ai fitila ta ƙara haske tana caji, ka ce ya ɗauko mita, in ba shi da ita ɗauke motarka ka tafi.

Gyaran kansa abin haushi ne saboda sauƙinsa. Sanfefa na goge fentin har ƙarfe ya fito, na ja waya mai kauri daga inji zuwa shasi, na kuma ja wata daga koriyar rektifaya kai tsaye zuwa negatif na batir, na shafa giris a kan notin saboda damina kar tsatsa ta ci. Na tayar, mita ta nuna 14.1 a kan batir. Guntun waya da sanfefa fa jama'a, bayan batir da rektifaya sun cinye min kuɗi. Tsohuwar rektifayar ma da na gwada ta daga baya lafiyarta lau, tana nan a ajiye.

Rektifayar na ɗauke ta daga bayan inji na maida ta inda iska ke bugunta, a kan farantin alminiyam, don irin wannan wutar da ta yi rara zafi take maida ta, a babur iska ke sanyaya ta, a cikin bodin mota kuwa dahuwa take yi.

Saura abu ɗaya da waya ba za ta gyara ba, koyil ɗin babban babur bai fi wat 300 zuwa 400 ba, shi ma sai inji na juyi sosai, a silo kaɗan yake bayarwa. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kowanne, ga fankar lagireto, ga famfon mai, ga waifa, in ka shiga gosulon Kawo ko Ahmadu Bello Way da daddare ana ruwa batir ne ke biyan bashin. Na canja fitilun zuwa LED, na sa ƙaramar mita a gaban sitiyari, in na ga ta sauka ƙasa da 13 sai na ɗan riƙe totur, masu Keke Napep su yi ta juyowa suna kallona suna zaton tsere nake nema.