Kafin ka jefa karin magana, dubi wanda ke zaune a gabanka

Ƙannena masu son rubutu da riƙe makirfo a taro, bari in faɗa muku abin da ya same ni, don har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Lokacin ina ganin na iya Hausa, aka ba ni jawabi a walimar auren wani abokina a Tudun Wada nan Kaduna. Na kwana ina haɗa karin magana, jawabin da bai wuce minti 5 ba na cusa masa guda 7, wai don a san na sha karatu. Ina so in ce aure ba abin wasa ba ne, sai na ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Wurin ya yi tsit. Ashe dattijon da ke layin gaba da sanda a hannu kakan amarya ne, kuma ya daɗe da rasa ganinsa. Ma'anar da nake nufi daidai take, amma karin magana fuska biyu gare ta, akwai ta ciki akwai kalmomin da kunne ke fara ji, kuma a ranar ba wanda ya kai ga ta cikin. Washegari na je har gida na durƙusa na ce Baba a yi mini afuwa, ya ce ba komai ɗana Allah ya yi maka albarka, wallahi wannan haƙurin nasa ya fi faɗa yi mini ciwo.

Habaici ma ya taɓa ƙona ni a Facebook. Na yi gugar zana ga mutum ɗaya, shi ko a jikinsa, sai ga wata yayata ta tsargu, muka yi watanni gaisuwa sama-sama. Habaici ba ya ɗauke da adireshi.

A rubutu kuwa cutata ita ce tara ado. Kun dai san kamantawa, wadda ake yi da kamar ko tamkar, da siffantawa inda za ka ce kai tsaye wane zaki ne, sai mutuntarwa, ka ba abin da ba mutum ba halin mutum, ka ce yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa, da kuma kambamawa, wato ka zuzuta abu fiye da yadda yake. Duk masu kyau ne. Ni kuma a jimla ɗaya na taɓa mai da malamina zaki, na mai da shi kogi, na ƙare da fitila. Wani tsohon malamin Hausa a Unguwar Rimi ya karanta ya tambaye ni a hankali, to wanne zan gani a cikinsu? Na rasa amsa. Shi ne kuma ya ja layi a ƙarƙashin inda na rubuta fari kamar dusar ƙanƙara, ya tambaye ni ko na taɓa ganinta, alhali ga auduga, ga nono a ƙwaryar 'yar Fulani, ga hazon hunturu da ke rufe gadar Kogin Kaduna da asuba.

Yanzu in na gama rubutu sai in karanta shi da ƙarfi, duk adon da na cire maganar ba ta rage komai ba to ya tafi kenan. In kuma taro ne, ina zuwa da wuri in tambayi masu gida su wa za su zauna a gaba.