Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Neman Makwancin Jan-baki

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni sashen yaƙi da ƙwarin amfanin gona, aka tura mu fadamar kogin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo. Lokacin shinkafa ta fara ƙosawa, tsuntsun jan-baki kuwa ya sauko kamar hadari. Yara na kan rumfuna tun asuba suna kaɗa gwangwani suna ihu, har muryoyinsu su dushe.

Korar tsuntsu da rana wahala ce kawai, ka kore shi nan ya sauka gonar maƙwabcinka. Da almuru ne yake taruwa wuri ɗaya cikin kachalla ko sarƙaƙiya ya kwana, can ne ake samunsa. Aikinmu shi ne gano wannan makwancin, domin jirgin sama ya zo ya fesa masa magani.

Maigidana, dattijon da ya tsufa a aikin, shi ya fara miƙo mini madubin hangen nesa mai kamfas a ciki. A jikinsa an rubuta 7x50: yana kusanto abu ninki 7, faɗin gilashin gaba milimita 50, shi ya sa yake tara haske ko rana ta faɗi. Da ka kafa ido, a ƙasan abin da kake kallo za ka ga lambobi suna yawo, wani siririn layi ya ratsa su. Arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Ka saita layin kan inda garken ke zubewa, ka riƙe numfashi har lambobin su natsu, sannan ka karanta.

Ya ce, "Ɗana, nisanci mota. Taku ashirin tukuna." Ƙarfe na jan allurar kamfas, ko babur ne ko fartanyar da ke kafaɗarka. Kada ka karkata madubin, allurar sai ta maƙale. Kada yatsanka ya rufe 'yar tagar da ke sama, ta nan haske ke shiga ya nuna lambobin.

Lamba ɗaya hanya kawai take nunawa, ba ta faɗin nisa. Don haka muke rabuwa biyu, ni kan wani tudu, shi kan wani, kowa ya ɗauko tasa. Da dare a shimfiɗa taswira, a ja layi daga matsayin kowa. Inda suka gitta juna, nan tsuntsu yake. Kuskuren digiri ɗaya a nisan kilomita 10 ya kai wajen mita 175, kuma a fadama wannan tazarar na iya zama tafkin da Fulani ke shayar da shanu, ko inda masunta suka kafa taru. Abin da ya sa nake jin zafin masu yin aikin da ka ke nan, domin maganin da jirgi ke fesawa guba ne, ba ya tantance jan-baki da balbela.

Manoma sun riga mu sanin inda tsuntsun ke dosa. Da su muke fara magana, hannunsu ke nuna mana inda za mu juya madubin. Amma matuƙin jirgi ba ya aiki da "can bayan giginyu", lamba yake so.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin daren da muka shiga kachalla da kwalekwale don tabbatar da makwancin kafin a kira jirgi.