Yau Autanmu Ne Ya Jagoranci Addu'a

Da yammar nan muryar Baba ta dushe saboda mura, sai ya miƙa wa autanmu Littafi Mai Tsarki ya ce, "Yau kai za ka bishe mu." Yaron ya buɗe 1 Timoti 4:12, inda Manzo Bulus yake gaya wa Timoti kada ya bar kowa ya raina ƙuruciyarsa, ya zama abin koyi ta wajen magana, da hali, da ƙauna, da bangaskiya, da tsarki. Hannunsa na rawa, har takardar na motsi.

Amma da ya soma addu'a, jikina ya yi sanyi. Ya ambaci kowannenmu da sunansa da damuwarsa: ciwon ƙafar Mama, neman aikin da nake ta yi, har da abokinsa da suka ɓata a makaranta, ya roƙi Ubangiji ya ba shi zuciyar fara neman sulhu. Wannan kam ba wanda ya sa masa a baki. Mama ta ce "Amin" tana share hawaye da bakin zane. Ashe duk shekarun da muke ganin gyangyaɗi kawai yake yi lokacin sujadar iyali, yaron nan yana ji, yana kuma ajiyewa a zuciya.